Kar-Ka-Motsa da Firinta

A layinmu ba mai kiran mahaifina da sunansa. Kar-ka-motsa ake ce masa, don shekara talatin da huɗu abin da yake faɗa wa mutane ke nan kafin ya danna kyamara. Ni kaɗai umarnin bai kama ba. Na bar makaranta saura shekara ɗaya, na taɓa tuƙi, na taɓa shagon fotokwafi, na taɓa zaman banza, kuma a nan na fi daɗewa.

Shagonsa ciki da waje ne. A waje akwai labule mai zanen teku da wata kujera mai ɗingishi. Ciki kuwa ɗakin duhu ne: jan ƙwan fitila, faranti uku na ruwan magani, sai igiyar shanya hotuna. Har yau faratansa ruwan ƙasa ne saboda maganin nan. Hoto mai kala yana yi don tukunya ta hau wuta, amma baƙi-da-fari shi ne abin ƙaunarsa.

Sai maganin wankin hoto ya ɓace a kasuwa, takardar ta bi shi. Yayata mai aikin jinya ta sayo masa firinta mai tawada da wata tsohuwar kwamfuta mai tari kafin ta tashi. Ni na haɗa wayoyin.

Aikin farko, telar ƙarshen layi ce ta kawo. Hoton marigayiya mahaifiyarta ne, shi kaɗai ya rage, bai fi tafin hannun jariri ba, tana so a ƙara masa girma. Muka ɗora shi a sikanar da ke jikin firintar, kwamfuta ta ɗauke shi, muka buga. Tsohuwa ta fito kore-kore kamar ta shekara a rijiya.

Na ce, "Baba, ko dai 'yar ruwa ce ba a gaya mana ba?"

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "In Asabar ta zo ban fitar da matar nan yadda take ba, ka karɓi makulli. Ka sayar da rigunan wayar taka."

Shekara biyu ina roƙon shagon nan don in riƙa sayar da rigunan waya. A ranar na auna bango, na san inda kanta za ta zauna.

Baba bai san kwamfuta ba, amma ya san hoto. Ya ɗauko almakashi ya yayyanka takarda sili-sili, yadda yake yi a ɗakin duhu. Ba ya buga hoton duka, sai tsiri ɗaya da ya ratsa farin ɗankwali, goshi, da inuwar wuya. Kowane tsiri ya rubuta masa lamba da fensir a baya, ya rataye a igiya.

"Baba, ai wannan ba ruwa a jikinsa."

"Ɗanyen hoto maƙaryaci ne. Bari ya sha iska."

In ya bushe sai ya fita da shi bakin ƙofa, don ya ce fitilar shago ma ba ta da gaskiya. Ya gano takarda marar sheƙi ta fi. Ya gano yadda zai rage haske har ninkin ɗankwalin ya bayyana. Koren dai ya ƙi tafiya. Wani tsirin ma sai ya koma ja-ja, kamar tsohuwar ta ji kunya.

Ni kuwa na san maganin. A shagon fotokwafi na koya: injin nan gauraya kaloli yake yi ya samar da toka-toka, kuma akwai wani lungu a kwamfuta da za ka ce masa ya yi da baƙar tawada kaɗai. Na ƙi gaya masa, don shagon nake hari. Kwana biyu ina kallonsa yana ta yanka takarda.

Ranar Alhamis da safe na same shi a bakin ƙofa da tsiri na arba'in da ɗaya. Tabarau biyu ya ɗora, nasa da na Mama. Tela ta wuce ta gaishe shi, ya ɓoye tsirin a bayansa kamar ɓarawon nama.

Na shiga na danna abin.

Firinta ta yi ta gurnani, tsiri ya fito. Baba ya rataye shi, ya ƙi kallo sai da ya sha ruwa ya zagaya ya dawo. Da ya fita da shi haske, sai ya matso da shi dab da hancinsa. Baƙi ya zauna baƙi, fari fari, ga wasu ƙananan ɗige-ɗige kamar rairayi.

"Kai, wannan ai ƙwayar fim ce, irin ta hoton ɗakin duhu," in ji shi. Sai ya juyo. "Tun yaushe ka san wannan?"

"Yanzu aka yi mini wahayi."

"Ɗan banza."

Bai tsaya nan ba, sai da ya ƙara tsiri tara kafin ya yarda a buga babban. Da tela ta zo ranar Asabar, ta riƙe hoton da hannu biyu ta ce, "Har tabon goshinta."

Shago dai ya kuɓuce mini. Kafin wata ya ƙare mutanen layi sun zazzage akwatunansu, tsofaffin hotuna sun cika tebur, Baba yana faɗa da kwamfuta da yatsa ɗaya. Jiya na ji yana gaya wa mai aski wai injin ba laifi, tarbiyya ce kawai bai samu ba.