Ƙafar Inna

Ni ce 'yar farin Inna, don haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Asalinmu Fulanin shanu ne, kunyar ɗan fari a wurinmu ba wasa ba ce. Kakata ce ta raine ni. Ko ina zaune a gaban Inna, sai ta juya ga wani ta ce, "A tambayi mutuniyar Kiyawa ko ta ci abinci." A Kiyawa nake aure.

Bayan rasuwar Baffa, mahaifinmu, Inna ta zauna ita kaɗai a gidanmu na unguwar Limawa a Dutse, da awakinta da dabinon da ya shuka. Ga ta da ciwon suga. Ƙanena da ke aiki a Kano ya yi ya yi ta koma wurinsa, ta ce ita ba tantabara ba ce da za a ɗora ta a bene. A ƙarshe aka daidaita: za ta zauna, amma ranar da jikinta ya gaza mota za ta zo, ba gardama. Ya samo mata mai kula da ita, wata bazawara mai shekaru da 'yan unguwa ke kira Gwaggo.

Ba zan yi wa Gwaggo ƙage ba, tana zuwa kullum. Ta share tsakar gida, ta dama koko, ta kai ruwan wanka bayi, ta sa turaren wuta, ta ce, "Inna, ya jikin?" Inna ta ce, "Alhamdulillahi." Shi ke nan, an duba tsohuwa. Gwaggo ta yafa mayafi ta wuce gidan wani tsohon, don gidaje uku take yi.

Shekarar da aka fara shari'a maigidana ya ce matarsa ta daina hawa bayan ɗan acaɓa, mutane za su yi magana. Zuwa wurin Inna sai jiran bas a bakin titi, kuma ran Juma'a kaɗai nake zuwa. Wata Juma'a cikin bazara, zafi kamar a gasa mutum, na tarar da Inna da safa a ƙafa ɗaya. Ta yi sallar la'asar a zaune. Ƙudaje sun bar kwanon fura sun taru a gindin zaninta. A ƙarƙashin ƙanshin turaren akwai wani wari.

Na ja Gwaggo zaure. "Yaushe rabon ki ga ƙafarta?"

"Ƙafarta kuma? Ni aikina kai ruwa. Ba a ɗauke ni leƙen zanin tsofaffi ba."

"Tana wankan kuwa?"

"Bokiti dai nakan tarar ba ruwa."

"Awaki ma sun iya shanye bokiti, Gwaggo."

"To ke da kika san haka, uwar wa ce? Je ki buɗe mana, mu ga jarumtaka."

Ta san inda ta soka. Shekarata arba'in da 'yan kai, ban taɓa taɓa jikin mahaifiyata ba.

Na koma ɗaki na durƙusa na kama safar. Inna ta fizge, ta ɗaga murya ta ce, "Gwaggo, faɗa wa wannan ta tashi daga nan!"

Na ce, "Inna, ni nake magana, ba Gwaggo ba. Ko ki tsine mini yau sai na gani."

Ta juya fuska ga bango. Safar ta manne, sai da na jiƙa ta da ruwan ɗumi. Ƙaya ce ta soke ta a ƙarƙashin ƙaramin yatsa, ta shafe wurin da man shanu da garin bagaruwa yadda Baffa ke yi wa kofaton saniya. Ramin ya kai a sa kan babban yatsa a ciki. Tana kallon bango ta ce, kamar da bangon take, "Idan na Kano ya ji, an rufe gidan nan."

Na samo wata malamar asibiti a unguwar ta duba. Ta ce a kai ta asibiti, Inna ta ce sai dai gawarta. Malamar ta nuna mini wanki da ruwan gishiri da naɗin bandeji, ta ba da ƙwayoyi, ta ce kullum ne, ba fashi, kuma in na ga baƙi ya fara, to zancen ya wuce gida. Gwaggo ta ce ita zuciyarta ba ta ɗaukar ƙazanta. A lokacin ina ajin yaƙi da jahilci, sai ni nake haɗa baƙaƙen jikin takardar maganin, na gane wanda ake sha sau uku Gwaggo sau ɗaya take miƙawa, da koko.

Maigidana ya ce zuwa Dutse kullum ya yi yawa. Na ce, "Malam, nuna mini inda shari'ar ta ce a bar uwa ta ruɓe." Bai nuna ba, bai kuma sake dariya da ni ba a watan nan. Ina fita da hantsi, in tsaya a titi har inuwata ta shige ƙarƙashina, in je in wanke ƙafar matar da ba ta kallona, in dawo in tarar da tukunya a sanyaye da fuska a murtuke.

Ƙanena ya zo da ƙaramar salla. Inna ta sa safa biyu, ta zauna ta rufe ƙafafu da sabon zani, har da yi masa tsiya wai ya yi tumbi. Da zai tafi ya ce, "Yaya, tsakaninki da Allah, lafiyarta ƙalau?"

Na ce, "Ƙalau."

Bayan kwana tara na warware bandeji, na ga yatsan ya yi baƙi kamar gawayi. Inna ma ta gani. Sai ta ɗora hannunta a kaina, ta bar shi a nan. Ban san tafinta na da kaushi haka ba. Na san roƙo ne.

Na naɗe ƙafar. Na fita zaure na yagi takarda daga littafin ajinmu. Wasiƙar farko ke nan da na rubuta da hannuna, layi uku, duk a karkace, na ba direban motar Kano ya kai wa ƙanena.

Ran Alhamis mota ta zo. An yanke yatsan, ƙafar ta tsira. An sayar da awakin, aka sa kwaɗo a ƙofar Limawa. Shekara huɗu Inna ta yi a ɗakin bene, kujerarta a bakin taga, ba ta sauko ƙasa ba sai ranar da aka sauko da ita.