Daimon ɗin da Muka Haƙo a Gonar Gado

Duk abin da zan manta a rayuwata, ba zan manta ranin da ni da ɗan baffana muka haƙo daimon ba. A ƙauyenmu ne kusa da Dutsi, 'yan shekaru bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Ya girme ni, Yaya nake ce masa, kuma gonakinmu na gado a jere suke, gamba ce kawai ta raba su.

Mun yi shawarar haƙa rijiya a kan iyaka don shanunmu su huta da yawon neman ruwa. Ɗaya yana ciki yana haƙa, ɗaya yana sama yana jan ƙasa. Mun kai kamar gaba uku, wata rana da hantsi ina ƙasa, sai digata ta fasa wani ɗan kogo a jikin dutse. Na zura hannu na zaro wani abu kamar yatsa, mai kusurwa shida, bakinsa da tsini. Da na goge shi da riga sai ga shi garau, har ina hango zanen tafin hannuna ta cikinsa. Kafin azahar mun cika ƙwarya.

Yaya ya ɗaga ɗaya ya duba a rana, ya ce, "Kai, rufa mana asiri, daimon ne!" Ya taɓa jin cewa daimon yana yanka gilashi, don haka muka ruga gida muka karɓi madubin matata. Yana karzawa ya bar zane. Shi ke nan, hankali ya tashi ya bar mu.

Yau idan na tuna, kunya da dariya ke haɗe mini. Kwana biyu kacal muka yi muna shiri. A na uku Yaya ya ce kogon ta ɓangaren gonarsa yake, ni kuma na ce ai digata ce ta fasa shi. Muka daina gaisawa. Matanmu suka daina aika wa juna tuwo. Mahaifiyarsa, wadda ta goya ni, ta kira mu ta yi kuka, ba wanda ya saurara. Mai gari ya karɓi ƙwaryar ya ajiye, da sulhu ya gagara sai ya tura mu gaban alƙali.

Alƙalin dattijo ne marar gaggawa. Ya saurare mu tsaf, ya juya dutsen a hannunsa, ya ce, "Wa ya shaida muku daimon ne?"

Na ce, "Allah ya gafarta malam, ya yanka madubi."

Sai ya ɗaga zaman, ya aika a kira wani tsohon maƙerin azurfa daga Mashi, wanda ya yi ƙuruciyarsa a wurin haƙar ma'adinai a ƙasar Jos. Ranar da ya zo kotu ta cika, rabin ƙauyenmu na leƙe ta taga. Ni har sabuwar hula na sa.

Tsohon ya ɗauki ɗaya, ko minti bai yi ba ya fara murmushi. Ya zaro ƙarfen ƙyastu daga aljihu ya ƙyasta, wuta ta yi tartsatsi. Ya ce, "'Ya'yana, wannan farar ƙanƙara ce. Ta fi gilashi tauri, dole ta zana shi, amma daimon ba ya fitowa dogo da kusurwa shida haka. Dutse ne mai kyau, ana gyara shi a yi carbi ko idon zobe. Sai dai inda na yi aiki, gefe muke turo shi da shebur."

Sai wani a taga ya tuntsure da dariya, kowa ya kama. Alƙali ya danne tasa da ƙyar ya ce, "To, yanzu wa ke da'awar kayan?"

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Nasa ne, shi ya haƙo."

Na ce, "A'a, ai ta gonarsa kogon yake."

A nan alƙali ya kasa daurewa, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Da ya natsa ya yi mana nasiha mai zafi a kan zumunci, ya ce mu fara zuwa mu roƙi gafarar tsohuwa, mahaifiyar Yaya, kafin mu koma bakin aikinmu. A babur ɗaya muka dawo gida, ni a baya, ina jin kafaɗun Yaya na girgiza don dariya. Tsohuwa ta yafe mana, amma sai da ta sa muka ci tuwo a kwano ɗaya a gabanta. Har yau a kasuwa "masu daimon" ake kiranmu, kuma muna amsawa.

Abin da na koya shi ne, da mun tambayi masani tun ranar farko, da ba mu kai kanmu kotu ba. Kuma na gode wa Allah da dutsen bai zama daimon ba, domin na ga abin da zato kawai ya yi mana a mako uku. Da a ce daimon ɗin gaske ne, da yau ba ni da ɗan'uwa.