Jakin Gogen Malam Bawa

A duk shekarun da na yi ina koyar da kiɗa, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da Malam Bawa ya zo taronmu na Gwandu don ya sauke jakin gogensa. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku san shi ba, sai dai ku ga tsohon gogen da ke rataye a ofishina ku riƙa tambaya na wane ne. To, ku gyara zama.

Lokacin ina ƙaramin malami a wata sakandare a Kalgo, ina koyar da darasin fasaha da al'adu. Mu masu koyar da kayan tsirkiya a makarantun Gwandu da Kalgo ba mu da yawa, shi ya sa muka haɗa 'yar ƙungiya. Ƙarshen kowane zangon karatu muke haɗuwa, wannan karo a Kalgo, na gaba a Gwandu, kowa da abinsa: goge, garaya, gurmi, molo, har da jita. A gyara wa juna hannu, a yi musu har wuya ya bushe, a ci tuwo a watse.

Muna da wata al'ada da muka tarar. Jaki shi ne ɗan itacen nan da ke tsaye bisa fatar goge yana ɗauke da tsirkiya. Idan ka zare shi, tsirkiya ta kwanta, goge ya yi shiru. Duk wanda zai bar koyarwa sai ya zo gaban taro ya kaɗa abinsa karo na ƙarshe, shi muke kira kiɗan sallama, sannan ya zare jaki ya miƙa wa shugaba. Daga nan ya fita sahun masu koyarwa. Ban taɓa ganin wanda ya sauke ya dawo ba.

Malam Bawa mutumin Masama ne, babban malami, kuma shi ya koya mini goge tun ina ɗan makaranta. Yana da hanyarsa. Ba ya ba ɗalibi izga, wato bakan da ake goga tsirkiya da shi, sai yatsu sun nuna. Zai zaunar da kai bisa tabarma, goge a cinyarka, shi yana bayanka, ya zuro hannunsa na dama ya ja izga, kai kuwa hagunka na kan tsirkiya. Zango guda cur na yi a haka, ƙamshin goronsa a bayan kunnena, yana faɗa mini yatsana na tsakiya raggo ne. Kai, na sha faɗa wurin bawan Allah nan! Amma duk abin da nake ci yau daga hannunsa ya fito.

A wata damina hawan jini ya kayar da shi a gona, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafa ta dawo a hankali, baki ya dawo, hannu kuwa ya ƙi. Makarantarsa ta yi masa kara, aka ba shi kujera a ofis, aka ɗauke masa aji. Da na je duba shi, matarsa Inna Hajo ta ja ni gefe ta ce ba ciwon ke damunta ba yanzu, shirun ne. Ba ya hira, tuwo sai ya taɓa ya ture, gogen ma ya sa an juya fuskarsa bango. Ta ce ya yanke shawara zai sauke jaki a taro mai zuwa, daga nan ya nemi ritaya, kuma ita ta san idan ya dawo gida ba jakin nan, ba za a daɗe da shi ba.

Ranar taron ni na ɗauko shi a babur daga Masama, gogen a goye a bayansa. Duk hanya ina roƙonsa ya ɗaga abin nan zuwa wani zango. Sai da muka hango Gwandu ya tanka.

"Sani, mi za ni yi da goge? Hannun ga ya tafi. Bari in sauke tun da sauran mutunci."

A wani aji muka zauna, an ture benci jikin bango, an shimfiɗa tabarmi. Bayan addu'a, shugabanmu Malam Haruna, mai garaya, mutum mai raunin zuciya, ya yi bayanin abin da ya kawo Malam Bawa. Ya ce tun da kowa yana ganin halin da ake ciki, an ɗauke masa kiɗan sallama, ya miƙo jaki kawai. Kowa ya gyaɗa kai. Malam Bawa ya ɗora gogen a cinya, ya kai hannunsa na dama kan jaki.

Sai Malama Rahila ta ce a dakata. Ita ce sakatariyarmu, 'yar Zuru, tana kaɗa jita a cocinsu, a makaranta kuma tana koyar da molo. Mace ce da ba ta ɗaga murya, kuma ba ta janye magana. Ta ce ba a sauke jaki sai mai goge ya kaɗa, haka aka yi wa kowa, haka za a yi wa Malam Bawa.

Kun san ni da saurin hawa. Na miƙe tsaye, na ce ashe ba ta da tausayi, so take ta tozarta dattijo a gaban ɗalibansa, mutumin da hannunsa ke lilo kamar tsumma. Na faɗi maganganu, wallahi. Ta bar ni na zazzage duka, sannan ta dube ni.

"Malam Sani, kai da hannu nawa ka fara kaɗa goge?"

Na dubi hannuna na hagu.

"Hagunka lafiya lau take," in ji ta. "Hannun Malam Bawa na dama ma haka."

Ban jira izinin shugaba ba. Na je na zauna a gaban Malam Bawa, na ba shi baya, na ɗauki gogen na ɗora a cinyata. Ya yi gunaguni cewa wannan wasan yara ne, amma bai ture ni ba. Can sai na ji ya ce a miƙo ƙaro, izgar nan ta bushe. Na riƙe masa ita, ya goga mata ƙaro da kansa, ya karɓa, ya zuro hannu ta gefena. Ya ce kiɗan gayyar manoman Masama za mu yi, wanda ya fara koya mini.

Jan farko ƙugi kawai gogen ya yi, don ya daɗe a ajiye. Na biyu ya buɗe murya. Ina jin ƙirjinsa a bayana, duk ƙashi, mutumin da a da inuwarsa ke rufe ni. Hawaye suka cika mini ido har ba na ganin tsirkiya, yatsana ya zame. Nan take izga ta tsaya.

"Wanga yatsa naka har yau raggo na. Sake."

Muryar nan ce, wadda na sani, mai kaifi. Muka sake. Malam Haruna ya ɗauki garaya ya bi mu, Malama Rahila ta shigo da jita a hankali, masu gurmi suka biyo. Maigadin makarantar da mata masu sayar da ƙosai a bakin ƙofa suka zo suka cika taga. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba, na dai san rigata ta jiƙe ta baya, kuma ba gumina kaɗai ba ne.

Da muka tsaya, shugaba ya miƙa hannu don karɓar jaki, kansa a ƙasa, don ka'ida ta cika. Malam Bawa ya dubi hannun, ya dubi gogen.

"Shugaba, wanga ba ya zama kiɗan sallamata. Yaron ga ya ɓata shi wuri biyu. Sai ya gyara."

Malam Haruna ya tambaye shi sai yaushe ke nan. Ya ce taro na gaba, in Allah ya kai mu. Aka dubi sakatariya, ta ce al'ada ba ta hana ba, tana goge ido da bakin gyalenta. A hanyar komawa Masama ya sa na tsaya, wai yunwa yake ji, ya sha fura ƙwarya guda a gindin wata bishiyar bedi, yana yi mini bitar kurakuraina.

Bayan hutu, shugaba da Malama Rahila suka je wurin shugaban makarantarsa suka nuna masa cewa hanyar koyarwar Malam Bawa hannun dama kawai take bukata. Aka mayar masa da aji. Ya koyar har shekarun aikinsa suka cika, kuma ko bayan ritaya bai fasa zuwa taro ba. Kowane zango sai mun zauna bisa tabarma mun yi kiɗan sallama, kowane zango sai ya samo aibi. Wata rana na kaɗa tas, ba inda na kuskure, ya ce na yi gaggawa. Wata rana kuma, idan na ga ya rasa abin kamawa, sai in zame yatsa. Ya sani, na san ya sani, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar.

Abin da na koya ke nan game da mutanen sana'ar nan. Mu da muka ce a ɗauke masa kiɗa, tausayi muke ji, amma tausayin zai raba shi da abin da ke tashe shi da safe. Malamin kiɗa yana iya rasa hannu ya ci gaba da aiki, muddin akwai wanda zai zauna gabansa ya yi kuskure ya gyara masa. Don haka idan wani a cikinku ya gaza, kada ku yi saurin karɓar kayan daga hannunsa. Ku duba abin da ya rage masa, ku kawo sauran.

Da Allah ya yi masa rasuwa, bayan an share makoki, Inna Hajo ta aiko mini da gogen a naɗe cikin zane. Na buɗe, jaki na tsaye. Ɗan aiken ya ce Malam ya bar saƙo tun yana kwance: a ba Sani, a ce masa har yanzu bai gyara ba.