Takardar Sabi'u

Kafin in lalace, masinja ne ni a ofishin wani lauya a Ikeja, irin waɗanda ke buga hatimi a kan kwafin takarda don a yarda da ita a ƙasashen waje. Ƙa'idarsa ɗaya ce: sai ya ga ta asali da idonsa. A Agege kuwa, inda nake zaune, "Lauya" ake ce mini, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, kowa ya tashi neman fita waje. Na fara da buga hatimin oga idan ya tafi kotu. Da na ga shiru, na je Mushin aka sassaƙa mini nawa.

Rannan Malam Idi, mai dakon nama a mayankar Oko-Oba, ya kawo mini takardar shaidar ɗansa Sabi'u, wanda ya gama karatun jinya, wani asibiti a Jidda ya ɗauke shi aiki. Ya ce, "Lauya, ga amana. Mu ba mu san kan ofis ba."

Na yi masa aikinsa, amma kwafi biyu na yi. Ɗayan na liƙa masa hoton wani da bai taɓa riƙe allura ba, na buga hatimi, na sayar masa. Mutumin ya riga Sabi'u tafiya. Da Sabi'u ya je ofishin jakadanci, aka ce ai mai wannan suna da lambar takarda yana can Jidda yana aiki. Aka ƙwace takardarsa, aka kira shi ɗan damfara.

Malam Idi ya zo idonsa jawur, ya tambaye ni ko yaron ne ya yi ƙarya. Na sunkuyar da kai na ce, "Yaran yanzu sai addu'a." Har yau wannan maganar tana cin raina.

Wata takardar daban ce ta kai ni kurkuku, shekara biyu. Da na fito na nemi Sabi'u, na same shi a mayanka da cinyar saniya a kafaɗa. Na faɗa masa komai. Ya sauke naman, ya ce, "Ni na yafe. Amma Baba ya rasu bara, bai sake cin abinci kwano ɗaya da ni ba. Shi za ka je ka gaya wa."

Na tuba, na koma kabu-kabu da babur. Ku matasa, kada ku buga hatimi ko ku sa hannu a kan abin da ba ku gani ba, kada ku taɓa takardar da aka ba ku amana. Zaman kurkuku na gama shi, amma maganar Malam Idi ban san inda zan kai ta ba.