Ranar da na zauna cikin yaran gidan gyaran hali

Shekarun baya, ƙanina ya fasa wa wani yaro kai da kwalba a Anguwan Rogo, aka kai shi gidan gyaran hali na yara. Shekararsa sha shida. Wata uku muna zuwa dubiya, ko gaisuwa ba ya amsawa.

Sai wata mata 'yar asalin Filato, da yaran ke ce wa Madam, ta fara zuwa musu da fenti da takardu, wai su zana abin da baki ya kasa faɗa. Ƙanina ya kama zane. Duk zanen da ya ba mu, mahaifiyata sai ta manna shi a bango, ta kira maƙwabta su gani. Ni kuwa da nake tuƙa keke napep a Titin Bauchi tun safe don tukunyarta ta tafasa, ko sannu sai na yi tari. Kishi ya ci ni ba kaɗan ba. Har na taɓa raya wa kaina cewa da ni na fasa kan, da yanzu ni ne ɗan lele.

Wata Asabar da muka je dubiya ni da mahaifiyata, na kasa daurewa. A gaban Madam na kalli zanen ƙanina na ce, "Wannan ma zane ne? Kan mutum kamar ƙwarya!"

Ba ta yi fushi ba. Ta miƙo min takarda. "Oga, zauna ka yi naka."

Ƙato da ni, ga gemu, na zauna cikin yara ina gumi. Keke napep ɗina na zana, da fasinjoji har da kayan miyarsu. Ƙanina ya leƙo, ya tuntsire da dariya. "Yaya, wannan keke ne ko kaza?" Rabon da in ji dariyarsa tun kafin a kama shi.

Madam ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Ina direba?"

Na duba. Kowa na ciki, kujerar gaba ce kawai babu kowa. Na buɗe baki in yi wasa, sai hawaye. Mahaifiyata ta dafa kafaɗata, ta ce, "Kai ma ashe da magana a cikinka."

Yanzu ƙanina yana rubuta allunan shaguna, ya fi ni samu. Ba zan yi muku ƙarya ba, kishin bai mutu duka ba. Sai dai in ya motsa, ba na haɗiye shi kamar da. Zuwa nake in zauna gaban tsohuwa in ce, "Mama, yau ni za a yaba." Ta yi dariya, ta yaba.