Motar da ke Yi wa Sojoji Ƙifce

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba na jin zan manta da yammacin da na kwanta rub da ciki a kan kwalta a tsakiyar garin Gombe, kuncina a ƙasa, duk saboda fitilar mota. Shekaru sun ja yanzu, motar ma an daɗe da yanka ta an sayar da ƙarfenta, amma har yau idan na tuna sai raina ya fara ɓaci kafin dariya ta zo.

A shekarun nan ne da hankalin kowa ke tashe, lokacin da idan tayar keke ta fashe a bakin Kasuwar Gombe sai ka ga dattijo ya bar takalminsa a baya. An kafa shingayen bincike da buhunan yashi, kuma kowane direba ya haddace ƙa'ida. Idan duhu ya fara, ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke hasken manyan fitilu, ka kunna ta cikin mota don a ga fuskarka. Ba a yi wa soja wasa da fitila, domin ana ta raɗe-raɗin cewa da ita miyagu ke yi wa juna ishara.

Ni malamin makaranta ne, ina zaune a Federal Low-Cost, mahaifiyata kuma tana Shamaki a gidanmu na gado. Kullum idan na tashi daga aiki sai na biya na gaishe ta, in yi magariba a masallacin ƙofar gida, sannan in kama hanya. Shinge ɗaya ne tsakanina da gidana, kuma babu ta inda zan kauce masa. Motata tsohuwa ce, ta girmi babbar 'yata nesa ba kusa ba, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba, murɗa makulli ɗaya take tashi. Kwatsam sai ta tsiro da sabon hali. Ina cikin tafiya fitilu su dusashe, su dawo, su ɗauke ɗif, su sake kawowa, har da ta cikin mota. A kan lafiyayyar kwalta shiru kake ji, amma da na hau gargada sai abin ya motsa. Su kuma masu shinge sun shimfiɗa katakai a kan hanya don a rage gudu. Wato daidai inda ya kamata motar nan ta natsu, nan take fara rawar kai.

Ranar farko wani dogon soja ya leƙo ta taga ya ce, "Oga, wa kake kira da fitila?"

Na rantse masa cewa lalacewa ce. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ka gyara ta. Gobe ba lallai ni za ka tarar ba, kuma wanda za ka tarar ba lallai ya tsaya tambaya ba."

Washegari da sassafe na kai ta wurin mai rewaya a bayan kasuwa, wato mai gyaran wutar mota. Bawan Allahn nan ko tashi daga benci bai yi ba ya yanke hukunci, wai ƙwan fitila ne. Aka sa sababbi, ya kunna da rana tsaka mota na tsaye, ya ce, "Ka gani? Tar!" Na ce masa ai sai tana tafiya take yi, ya shigo mu zaga. Ya ce shi shekararsa ashirin a wannan sana'a, ba ya buƙatar yawo. Da yamma na gwada ta a layinmu, ta ci gaba da ƙifcenta kamar ba a taɓa ta ba.

Mai rewaya na biyu ya buɗe bonet, ya riƙe baki ya ce, "Wane jaki ne ya taɓa maka motar nan?" Shi a wurinsa altaneta ce, injin da ke cajin batir. Ya riƙe motar kwana uku, ina ta fama da keke. Da na karɓo ta, abin da ya canza kawai shi ne aljihuna. Na koma ina faɗa, ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa kan batir sau biyu, ya ce yanzu kam ta gyaru. Na tambaye shi ko matsalar daga wajen batir take, ya kalle ni kallon ɗalibin da bai yi aikin gida ba, ya ce motar da ke tashi da murɗa ɗaya ba ruwanta da batir.

Kusan mako biyu ina gujewa duhu. Ina idar da la'asar zan leƙa Shamaki a tsaitsaye in gudu. Matata ta ce in ajiye motar kawai. Wani abokin aikina ya ce aljanu ne, in sa a yi mata hayaƙi. Ni kuwa taurin kai ya hana ni, ina ganin yaya za a yi 'yar waya ta gagari garin Gombe kaf.

Na uku dattijo ne mai tabarau, an ce min duk garin babu kamarsa. Ya zagi aikin na biyu, ya zagi na farko, ya ce makunnin da ke jikin sitiyari ne ya cinye. Ya wargaza gaban motar gaba ɗaya, wayoyi ko'ina kamar taliya, ya mayar. Shi ma bai yarda ya shiga mun zaga ba. Amma da na gwada a hanyar makaranta ban ga ta yi ba, sai na saki jiki. Ban lura cewa hanyar makarantar sabuwar kwalta ce ba. Ranar na zauna a Shamaki har na yi magariba, na kama hanya ina jin kaina.

Tayar gaba na hawa katakon farko fitilu suka ɗauke. Suka kawo, suka ɗauke, suka kawo, sau uku a jere, tamkar da gangan. Kafin in taka birki na ji tsawa.

"Kashe mota! Fito! Hannu sama! Kwanta!"

Ba dogon sojan nan ba ne, wasu ne daban. Na kwanta a kan kwalta da sauran zafin rana a jikinta, hulata ta yi nata wuri. Ina jin su suka buɗe but, suka ɗaga kujeru, suka buɗe bonet. Can sai wanda ke haskawa da tocila ya yi tsalle baya ya ƙwala ihu, "Akwai ƙunshi! Da waya a jikinsa!"

Jama'a, ban taɓa ganin layin motoci ya watse da sauri irin na ranar ba. Masu keke suka juya, wata mata ta bar buhunta a tsakiyar titi. Ni kuwa da bakin bindiga a saitin ƙeyata, kalmar shahada kawai nake maimaitawa. Tsoro ne ya cika ni, amma wallahi har a lokacin akwai haushi a ciki. Ina cewa a raina, yanzu a kan aikin masu rewaya uku zan mutu, kuma gobe a ce malamin makaranta ne ya ɗauko bam.

Babbansu, wani mai furfura a gemu, ya tsuguna kusa da kaina ya ce, "Malam, me ka ɗaura a ƙarƙashin batir?"

"Wallahi ban san komai ba, ranka ya daɗe."

"Motar wa ce?"

"Tawa ce."

"Motarka, amma ba ka san abin da ke cikinta ba?"

Ya kori yaransa baya, ya karɓi tocila, ya tafi shi kaɗai. Ya daɗe a sunkuye. Sai na ji ya yi wata gajeriyar dariya, ya ce in taso. Na taso. Can ƙasa, a bayan mazaunin batir inda ido ba ya kaiwa sai an sunkuya sosai, ga wata 'yar jar fata an ɗinke ta, ba ta fi kwalin ashana ba, tana lilo. Laya ce.

Ya ce in kunna fitila. Na kunna. Ya sa yatsa ya ɗan taɓa layar, fitilu suka ƙifta. Ya sake taɓawa, suka sake ƙiftawa. Ya ce kafin ya shiga soja ya yi zaman gareji, sannan ya nuna min wata baƙar waya mai kauri da ta taso daga batir aka ɗaure ta da noti a jikin mota. "Ta nan wutar fitilunka ke komawa. Ƙarfe ne ya kamata ya kama ƙarfe. Wani ya kwance notin nan, ya cusa igiyar laya a tsakani, bai ma ɗaure da kyau ba. Ka hau gargada, laya ta yi lilo, ta ja waya. Inji yana da tasa wayar daban, shi ya sa take tashi lafiya."

Ya sa aka ɗauko sifana a but ɗina, ya cire layar, ya kankare wurin da wuƙa, ya ɗaure notin tam. Bai kai minti biyar ba. Ya farke fatar don ya tabbatar, takarda ce da rubutun allo. Ya miƙo min ya ce, "Wanda ya sa maka wannan yana sonka. Amma ka faɗa masa saura ƙiris son nasa ya kashe ka."

Tun a hanya na gane mai aikin. Kwana ɗaya kafin fitilar ta fara, kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya karɓi makullin motar wai zai ɗauko carbinsa da ya manta a ciki. Tsohon falken shanu ne, bai san komai game da mota ba sai hawanta. Da safe ko karyawa ban yi ba na dira Shamaki. Na same shi a zaure, na ajiye masa layar a gabansa.

"E, ni ne," in ji shi, ko a jikinsa. "Da filaya na yi. Na nemi inda ba za ka gani ba, don na san halinku 'yan boko, ka gani za ka cire."

Na zayyana masa komai, kwanciyar kwalta da bindiga da ihun ƙunshi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "An harbe ka?"

"A'a, Kawu."

"To, ai ta yi aiki."

Da ba kawuna ba ne, ban san abin da zan faɗa masa ba. Na danne na ce wa ya sa shi. Sai ya karkata kai wajen cikin gida.

Nan na yi turus, domin ni ɗan fari ne, kuma Dada, mahaifiyata, Bafulatana ce ta asali mai kunyar ɗan fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan na gaishe ta, gefe take kallo ta amsa. Duk ranar da wani abu ya tashi a gari, ƙannena take sa a kira wa waya ɗaya bayan ɗaya, ni ban da ni. Na san al'ada ce, amma ba zan ɓoye ba, abin ya daɗe yana ci min rai a ɓoye.

Na shiga na same ta tana wanke ƙwarya a tsakar gida, Kawu na biye da ni. Ranar na ɗaga murya a gabanta yadda ban taɓa yi ba. Na ce da an ba ni a hannu, ko a faɗa min, da duk wannan bai faru ba. Ba ta ɗago ba. Da na yi shiru sai ta ce wa Kawu, "Tambaye shi, sun taɓa lafiyarsa?"

Taku uku ne tsakanina da ita, amma Kawu ya juyo ya maimaita min tambayar. Na ce a'a. Ta ce, "To." Ta ci gaba da wanki, sai ƙwaryar ta suɓuce mata ta faɗi. Ta kai hannu sau biyu ta kasa ɗauka.

A zaure Kawu ya kama hannun rigata. Ya ce tun da aka fara tashin hankalin nan, duk yammacin da na fita, tana tsaye a bayan ƙofar nan har ƙarar motata ta ɓace. Ba ta sa loma a baki sai matata ta kira ƙanwata ta ce na iso, ƙanwata kuma ta faɗa da ƙarfi a tsakar gida kamar da wani take. Kowa a gidan ya sani, har matar da nake kwana ɗaki ɗaya da ita, ni kaɗai ne ban sani ba. Na zauna a kan dakali, haushin da na kwana da shi na neme shi na rasa, sai kunya.

Abin da na koya game da mota ba shi da yawa. Idan fitila na ƙiftawa, a fara duba inda waya ta kama jikin mota kafin a wargaza sauran, a gwada ta tana tafiya, kuma a tambayi wanda ya taɓa ta a gida. Babban darasin shi ne, wanda bakinsa ba zai iya faɗa maka yana tsoron rasa ka ba, kada ka jira shi, kai ka rage masa nauyin. Daga ranar, duk yammacin da na isa gida ni da kaina nake kiran wayar Dada. Takan ɗauka ta yi shiru, in ce, "Na iso," ta ce, "To," ta kashe. Haka muka yi ta yi har Allah ya karɓi abarsa, kuma ba a taɓa yin ranar da wayar ta yi ƙara sau biyu kafin ta ɗauka ba.