Rijiyar Nomau

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin lafiya, ranar da ta ƙi barin raina ita ce ranar da aka jawo Nomau daga rijiya. Ku da kuka shigo aiki jiya-jiya kuna ganin ina faɗa a kan takardar tura marar lafiya, kuna cewa tsohon nan ya cika fitina. Ina jin ku sarai. To ku zauna ku ji inda fitinar ta samo asali.

Lokacin ina riƙe da ɗakin shan magani a wani ƙauye kusa da Kurawa, cikin farin nan da ya cinye shanu ya kori maza ci-rani. Ɗakin shan magani, ga wanda bai sani ba, shi ne matakin ƙasa a aikinmu: ɗaki ɗaya, benci, kabad ɗin magani, sai ni. Ni ba likita ba ne, ko da yake duk garin likita suke ce mini, ni kuma ban cika musantawa ba. Ƙa'ida ita ce, ciwon da ya fi ƙarfina in cika takarda, in sa kwanan wata, in tura mai shi asibitin garin Isa a ranar.

Rijiyar garin ta ƙafe. Mata kan fita da jakuna tun sassafe, ba su dawowa sai azahar, da ruwan da ko jakin sai ya yi shawara kafin ya sha. Mai haƙar rijiya ɗaya ya rage a garin, shi ne Nomau, magidanci mai 'ya'ya huɗu. A al'ada mutum biyu ke haƙa, wannan ya shiga wancan ya huta, don iskar ƙasan rijiya ba ta isar mutum. Wanda ke ciki ya cika bokiti da ƙasa ya girgiza igiya, na sama su ja. Gari kuma ke ciyar da shi, kowace rana gida ɗaya ya zura masa ƙwaryar fura. Abokin aikin Nomau ya yi kudu, saboda haka shi kaɗai ya shiga ƙara wa tsohuwar rijiyar zurfi.

Sai magana ta fara yawo cewa furar tana dawowa yadda aka zura ta. Nomau yakan ɗaga murya daga ƙasa ya ce a kai wa yara. Tun hantsi har la'asar igiya ba ta daina motsi. A shekarar da ake dakan ƙwarya guda ta gero don gida ɗungum, kun san yadda mutane za su ɗauki wannan. Aka ce bawan Allah ne. Ni ma da bakina na faɗa a gaban masallaci, har ina cewa a yi koyi da shi.

Ranar wata Juma'a matarsa Kulu ta jawo shi wurina, yana tirjewa. Ta ce kwanansa nawa bai runtsa ba, yana magana shi kaɗai, jiya ma ya ce ta ɓoye mutane a bayan rumbu. Na sa masa ma'aunin zafi, ba zazzaɓi. Na kama hannunsa, jini na bugawa kamar na wanda ya sha gudu, alhali a zaune yake. Ƙwayar idonsa ta buɗe, leɓɓansa sun tsattsage, yana ta cizon haƙora yana sosa damtse wai tururuwa na bin sa. Ya rame ƙwarai, amma a shekarar wa bai rame ba? Na rasa gane kansa. Na buɗe ɗan littafin aikina na bi shi shafi-shafi, ban ga ciwon da ke hana mutum ci kuma ya ƙara masa ƙarfi ba. Na ba shi maganin zazzaɓi duk da ba zazzaɓin, na ƙara da na ƙarin jini, don kawai kada a ce likita bai yi komai ba.

Ranar Litinin Kulu ta dawo ita kaɗai. Ta kwance bakin zanenta ta ajiye mini ɗan ƙulli a kan tebur, ta ce a cikin hularsa ta samu. Ƙananan ƙwayoyi ne, irin waɗanda direbobin manyan motoci ke sha don kada barci ya ɗauke su. A makarantar koyon aiki an gaya mana abin da suke yi: su kashe yunwa, su kori barci, su yi ta korar zuciya da gudu har ta gaji ko jijiya ta fashe a ka. Kunya ta rufe ni. Nan take na cika takarda, na sa kwanan watan Litinin, na nufi gidan maigari don a nemo raƙumin da zai kai shi bakin hanyar mota.

Maigari ya saurare ni har na gama, bai ko yi mamaki ba. Ya ce wani mai tebur a kasuwa ne ke bayarwa, kuma ba sayarwa yake ba, sadaka ce, gudummawarsa ce ga aikin rijiya tunda ba ya da gero.

"Likita, duk garin ga mun sani," in ji shi. "Kai ɗai ne ba ka sani ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin nan kashe shi zai yi."

Ya aika aka kawo ƙasar da aka jawo da safen, ya damƙa mini a hannu. Da sanyinta, har tana dunƙulewa. Ya ce ruwa ya kusa, kwana biyu ko uku. Ya ce in tuna yara nawa na yi wa jinyar gudawa a watan nan saboda ruwan da ake ɗebowa, nawa kuma aka rufe. Bai yi ƙarya ba, ni na san adadinsu. Na fito da takarda a aljihu ɗaya, ƙasa a ɗayan, ban san wadda za ni bi ba.

Na tari Nomau da la'asar da ya fito. Na gaya masa komai, ban rage ba. Ya yi dariya.

"Malam, in na bari yau, za ni kwanta kwana ukku ko yatsa ban ɗagawa. Na gwada. Wa za shi shiga, kai?"

Na ce ya rage, ya ce da ɗaya ya fara, yanzu huɗu ma da ƙyar suke kai shi azahar. Iyakar abin da na samu shi ne alkawarin zai sha rabin furar. Talata da safe na soke kwanan wata na sa na Talata. Laraba na sake sokewa. Kowace safiya sai in ce yau za ni tura shi, in je bakin rijiya, in ga matan da ke tsaye da tuluna suna leƙe, in dawo. Har yau ba ni iya gaya muku ko tausayin gari ne ya riƙe ni, ko tsoron a ce baƙon ma'aikaci ya hana su ruwa.

Alhamis da hantsi igiya ta girgiza, aka ja, sai ga bokiti da ruwa jajir yana zuba. Mata suka ɗauki guɗa, tsofaffi na hamdala, ana ta miƙa hannu a taɓa. An daɗe a haka kafin Kulu ta ce ina mai rijiyar. Aka kira, shiru. Aka mayar da bokiti, igiya ba ta motsa ba. Wani makiyayi da bai taɓa shiga rijiya ba ya ɗaura igiya a ƙugu aka zura shi. Da suka fito da Nomau yana da rai, amma bakinsa ya karkace, hannu da ƙafar dama sun saki. Raƙumin da na je nema ranar Litinin ban samu ba, cikin ɗan lokaci aka kawo shi.

A Isa likita ya karɓi takardata, ya dubi kwanan watan da aka soke sau uku, ya dube ni. Ya tambaya yaushe na gano. Na ce Litinin. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce in jira a waje. Da maganar Nomau ta ɗan dawo bayan kwanaki, na sunkuya ina tsammanin zai tambayi ruwa ko 'ya'yansa. Ƙwayar ya roƙe ni, yana hawaye.

Ya rayu shekaru bayan haka yana jan ƙafa, bai sake riƙe diga ba. Gudawar yara ta ragu a garin, wannan ma gaskiya ne, kuma ni kaina ruwan nan na sha har aka yi mini canjin wurin aiki. Shi ya sa in kun tambaye ni ko na yi daidai, ba ni da amsa. Abin da na sani shi ne, gari in ya matsu yakan samu wanda zai ƙone dominsa ya kira shi bawan Allah, kuma ma'aikacin lafiya shi kaɗai aka ajiye don ya tsaya wa wannan mutum ɗin. Ku sa kwanan wata sau ɗaya, ku tura a ranar, gardamar ta biyo baya.

Rijiyar na nan, sunansa ake kiranta da shi. Na koma garin bayan shekaru masu yawa, na tarar da Kulu ta tsufa, tana dawowa da tulu daga wata rijiya can bayan gari. Aka ce mini tun ranar ba ta taɓa zura guga a ta mijinta ba. Na gaishe ta, ta amsa, ta ce, "Likita, ai ranar Litinin na kawo maka." Ta gyara tulunta ta wuce.